Geron Shekarar Asibiti

Jiya da la'asar aka yi ruwan shuka a Wudil. Tun da hantsi gari ya ɗaure, ko ganye ba ya motsi, kaji sun baje a gindin randa suna haki, sai can wajen Darki hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Kafin in gama kwashe shanya an kece da ruwa. Ƙamshin ƙasar nan da kowa yake cewa yana so, ni kam ba na son ya bugi hancina. Shekara ashirin da biyu ke nan, har yau idan na shaƙe shi sai na ji warin maganin da ake wanke ɗakin asibiti da shi.

Malam, maigidana, yana zaune a ƙofar ɗakinsa da sandarsa a kan cinya. Ya miƙa hannun hagu ya tari ruwan indararo, ya dube ni ya ce, "An yi shuka?" Na ce masa sai gobe in Allah ya kai mu. Kafin in kunna wuta ya sake tambaya sau huɗu. Ba na ƙosawa, na saba. Ita dai tambayar ce take mayar da ni waccan daminar.

A waccan shekarar, ana dab da saukar ruwa, wata Juma'a Malam ya shiga kasuwa ya sayi sabon sungumi. Ya hau bayan mashin zai dawo, suna gangarowa daga gada wata tifar yashi ta kwashe su. Mai mashin ƙafarsa ce ta karye. Malam kuwa kansa ne ya daki kwalta. Sule ƙaninsa ne ya shigo gida ya gaya mini, rigarsa jina-jina, yana riƙe da sungumin, ko ƙwarzane babu a jikin ƙarfen. Har yau ban san abin da ya sa ya tsaya ɗauko shi ba.

Su biyu kaɗai uwarsu ta haifa. Gida ɗaya muke, sasa biyu, gonar gado ɗaya a gangaren kogi ta hanyar Achika, rumbu ɗaya. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ganin sun ci tuwo a kwano biyu ba. Ko girkina ne ko na matar Sule, kwano ɗaya ake kai musu zaure, su zauna gwiwa da gwiwa. Malam ba mai magana ba ne. Sule kuwa bakinsa ba ya hutawa, abokin wasana ne, kullum sai ya aiko yaro a ce mini miyata ta yi gishiri, alhali ya suɗe kwanon tas.

Aka wuce da Malam babban asibiti a Kano. Kwana goma sha tara yana doguwar suma, roba a hanci, roba a hannu, kan a naɗe kamar gammo. Ni kuma ina baranda a kan tabarma tare da sauran masu jinya. Zafin bazarar nan ban taɓa jin irinsa ba. Siminti ya ɗauki rana ya riƙe, ka zauna kamar a kan tanda, ruwan famfo ya zubo da ɗumi, ƙudaje ba sa jin kora. Muna dafa abinci a risho a gindin wata darbejiya. Wadda ta samu manja ta ɗiba wa wadda ba ta samu ba, wadda mara lafiyarta ya rasu ta naɗe tabarma ta bar mana ragowar gishirinta da ashana ta tafi. A haka ruwa ya sauko ya same mu, iska ta riƙa watso shi barandar, mu tattara kaya mu tsaya a jikin bango har ya ɗauke.

Ranar da ya buɗe ido na yi zaton an gama, sai gida. Ashe a nan aka fara. Wani mutum ne ya farka a jikin mijina. Ya kira ni da sunan mahaifiyarsa. Hannun dama da ƙafar dama sun mutu, baki ya karkace, yawu yana zuba. Mutumin da ko akuya bai taɓa zaga ba, ya koma ashar, har da jifan ma'aikaciya da kofi. Kunya ta ishe ni, na riƙa bin mutane ina ba da haƙuri. Maganar hankali ta farko da ta fito daga bakinsa, ana ruwa a kan kwanon ɗakin ne, ya kasa kunne ya ce, "An yi shuka?" Na ce an yi. Kuma gaskiya na faɗa, domin Sule ya kira gayya, 'yan unguwa sun fita da sungumansu, mata sun dama fura, a wuni ɗaya aka shuke gonar kaf.

Da ya ɗan yi ƙwari aka mayar da mu ɓangaren masu gashin ƙashi. A can na haɗu da Sista Rifkatu, wata gajeriyar mata 'yar kudancin Kaduna, Kirista, Hausarta da ɗan karkata amma zuciyarta a miƙe. Ita ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce abin da ya sani tun da can yana nan, amma sabon abu yanzu kansa ba ya riƙewa, kamar zuba ruwa a kwando ne. Abin da aka maimaita masa kullum kullum, shi ne kawai zai iya maƙalewa. Ta ba ni littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ta ce in riƙa rubuta ranar da ake ciki da abin da ya faru, kowace safiya in karanta masa tun daga farko. Na yi ajin yaƙi da jahilci, rubutuna kamar tafiyar kaza, amma yana karantuwa.

Malam ya ƙi aiki. A ɗaga shi ya saki jiki, a ba shi ƙwallon roba ya matsa ya wurgar. Sista ta tambaye ni me ya fi so a duniya, na ce gona. Washegari sai ga ta da wake a faifai da kwalin ƙwai, ta ce masa ga iri ga rami. Wallahi sai ga Malam ya sunkuya yana kokawa da yatsun nan matattu, yana tsintar wake ɗaya ɗaya, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ranar farko uku ya iya jefawa. Da aka kai shi tsakanin ƙarafunan nan biyu da ake koyon tafiya, ba ta ce masa ya yi tafiya ba. Cewa ta yi ya taka, ya jefa iri, ya rufe da diddige. Ƙafar daman da ta ƙi jin maganar likita, sai ga ta tana jan ƙasa tana neman rufe ramin da babu shi. Na juya baya na yi kuka.

Haka muka shiga tsari. Da asuba in goge masa jiki, in ba shi koko, in karanta littafi. Da hantsi ƙarafuna. Bayan azahar wake da kwalin ƙwai. Kowace Juma'a Sule ya zo da labarin gona, ni kuma in rubuta. Gero ya tsiro. An yi noman farko. Malam ya riƙa cewa a bar shi ya tashi, gona tana jiransa.

Sai ruwa ya ɗauke. Sati uku cur sama ta yi fari tas, rana ta dawo kamar ba a taɓa damina ba. Aka fita roƙon ruwa har sau biyu. Wata Juma'a Sule ya ja ni ƙarshen baranda, fuskarsa ta yi baƙi ta rame, ya ce shukar ta ƙone ƙurmus, ganyen ya nannaɗe ya bushe, sai dai a sake idan ruwa ya dawo. A garinmu ba a shiga wa mara lafiya da mugun labari, kowa ya san wannan, ba sai an yi shawara ba. Sule ya goge fuska da hularsa, ya shiga ɗakin yana dariya ya ce, "Yaya, geron nan sai ka gani, ya kai gwiwa!" Malam ya yi murmushin da rabon da in gan shi tun kafin hatsarin. Ni kuma da yamma na ɗauki biro na rubuta cewa gero ya kai gwiwa.

Daga nan ban ƙara tsayawa ba. Ruwa ya dawo a makare, Sule ya bi dangi ya samo iri ya sake shuka, shi da matarsa da 'ya'yanmu, domin kowa yana ta tasa gonar, babu mai zuwa gayya ta biyu. Amma geron littafi ya riga ya yi gaba, bai jira na ƙasa ba. A littafi an yi maimai. A littafi gero ya wuce kan mutum, ya fitar da kai, tsuntsaye sun fara damun yara. Na san gonar kamar tafin hannuna, sai na riƙa ƙawata ta: wajen tsamiyar nan ya fi kauri, wajen tururuwa ya ɗan yi rauni. Kowace safiya in karanta masa tun daga shafin farko. Kowace safiya ya ƙara taku ɗaya ko biyu.

Sista Rifkatu ta gane ƙaryar ne ranar da matar Sule ta zo dubiya ta fashe da kuka a baranda. Ta kira ni gefe, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mama, littafin nan ba na lallashi ba ne. Shi ne kansa yanzu. Abin da kika zuba a ciki, da shi zai zauna." Raina ya ɓaci. Na ce mata ita albashi take jira, ni miji nake jira; in gaya masa gonarsa ta ƙone ya koma ya kwanta, ita za ta ɗaga mini shi? Na faɗi maganganun da bai kamata ba, Allah ya yafe mini. Ta dube ni kawai ta ce ta ji, amma in tuna ta faɗa. Ba ta ƙara tayar da zancen ba, kuma ba ta rage masa komai a aikinta ba.

A watan marka sama ta buɗe. Kwana da kwanaki ana zuba ba ƙaƙƙautawa, tufafi ba sa bushewa, tabarmata ta yi funfuna, ashana ta ƙi kamawa. Kogi ya tumbatsa ya haura gangare, ya shafe shukar Sule ta biyu, ya bar yashi a wurin. A gida rumbu ya riga ya ƙare. Yara suna cin tafasa da rama da ɗan ƙuli, wata rana garin rogo da ruwa da gishiri. Ni ma a asibiti sai in dama koko in ba Malam mai kaurin, in ƙara ruwa a sauran in sha, in ɗaure zani tamau. Yunwa tana da wani ɗaci da take bari a baki, ko ka wanke ba ya fita. A cikin wannan hali Malam ya tambayi Sule dami nawa yake ganin za a samu. Sule, da bakin nan nasa, ya ce ai ba za a kasa saba'in ba. Na rubuta saba'in. Da lokacin girbi ya yi a gonakin mutane, na rubuta cewa an girbe, an ɗaure, an kai rumbu.

Bayan kaka aka sallame mu. Malam ya fita daga ɗakin nan da ƙafarsa, da sanda, yana jan dama, amma da ƙafarsa. Masu jinya suka yi ta barka, Sista ta raka mu har bakin mota. A raina na ce ai ga shi nan, wa ya yi gaskiya tsakanina da ita.

Kwana biyu da dawowa ya ce sai an kai shi gona. Muka yi ta hanya-hanya, ya ƙi. Sule ya goya shi a keke, na bi su a baya. Ya tsaya a bakin gonar yana kallon yashi fari fat, ko kara ɗaya babu, sai tsamiyar nan da shara ta maƙale a gindinta. A nan muka gaya masa komai. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar yaro, ya kama hannun Sule yana sa masa albarka a kan wahalar da ya sha. Na ji sanyi a raina, na ce an wuce wurin.

Da gari ya waye babu ko ɗaya a kansa. Gonar da ya gani da idonsa sau ɗaya ta zube. Wadda na karanta masa wata huɗu tana nan daram. Ya dogara sandarsa ya je ya sa aka buɗe rumbu, ya leƙa, ya ga wayam. Ya tambaya ina dami saba'in. Wa ya girbe? Sule. Wa ya kawo gida? Sule. Da yamma aka kai musu tuwo zaure, Malam ya sa hannun hagu ya janye kwanon gabansa, ya ce ba ya haɗa hannu da wanda ya cinye shi yana kwance. Da kunnena na ji, ina bayan ƙofa.

Kada a ce ban yi ƙoƙarin gyarawa ba. Na buɗe sabon shafi na rubuta gaskiya tsaf: fari ya ƙone shuka, ruwa ya ci ta biyu, Sule bai ɗauki ko zangarniya ɗaya ba, ni ce na yi ƙarya. Na karanta masa da safe. Ya ji kamar yau ne abin ya faru, ya yi kuka, ya ƙi abinci, ya ƙi tashi daga shimfiɗa. Washegari ya farka da dami saba'in, na sake karantawa, ya sake rushewa. A kwana na shida ya faɗi yana jijjiga, idanu sun kafe, kumfa a baki. Ƙafar da aka sha wuya a kanta ta fara komawa baya. A ranar Sule ya shigo sasanmu, ya ce in ba shi littafin. Ya nemo shafin ya yage shi, ya cusa a murhu. Ya ce, "Matar Yaya, bar shi haka. In dai zai taka ƙasa, ni na ji, na ci geron." Ya so ya yi dariya irin tasa, ba ta fito ba.

Shekara ashirin da biyu. Kowa a unguwa ya san gaskiya, babu wanda ya taɓa kallon Sule da sata sai mutum ɗaya, kuma shi ne wanda kallonsa ya dame shi. Sule ya ci gaba da noman gonar, yana cika rumbun da muke ci, yana kai Malam asibiti duk lokacin da aka ba mu rana. Ya gaishe shi da safe, Malam ya amsa a daƙile ya kawar da kai. Ana kai kwano biyu zaure, ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan. Idan baƙi suka zo Malam ya ba su labarin shekarar da yana asibiti, shekarar da bai taɓa ganin gero irin nata ba, wajen tsamiya har ya fi kauri. Kalmomina ne, ɗaya bayan ɗaya. Sule yana zaune yana ji, yana murza hularsa. Tun daga shekarar bai sake aiko mini da zancen gishiri ba.

Yanzu abubuwa sun canza. Yaranmu a waya suke duba ranar da ruwa zai sauka, irin da suke shukawa ba ya kai wancan daɗewa, gayya kuwa sai dai labari, kowa ɗan aiki yake nema. An ce ɓangaren da muka zauna ma an sake masa gini. Ban san inda Sista Rifkatu take ba, ko tana raye. Na so a ce na same ta na gaya mata cewa na tuna ta faɗa.

Sule ya rasu a bazarar nan, kwana arba'in da 'yan kai ke nan. Zazzaɓi ne na kwana uku. An gaya wa Malam, ya bi gawa da sandarsa har maƙabarta, ya yi kuka sosai. Washegari ya tashi babu ko ɗaya a kansa. Ban rubuta a littafi ba, ban kuma karanta masa ba. Na dai yi wa kaina alkawari cewa idan ya tambaya da bakinsa, ba zan sake yi masa ƙarya ba. Bai tambaya ba, domin ya daɗe da daina neman Sule.

Jiya bayan ruwan ya tsagaita, gari ya yi sanyi, kwaɗi sun fara kuka a bayan gida, na tuƙa tuwo na kai masa zaure da kaina. Na tarar da shi yana kallon tsohon sungumin nan da yara suka jingine don shukar safe. Ban san abin da ƙamshin ƙasar ya taɓa a kansa ba. Na ajiye kwano, sai na ga ya muskuta, ya matsa gefe guda a kan tabarma, ya tura kwanon tsakiya.

Ya ce, "Kira mini Sule ya zo mu ci. Gero ne fa kawai. Ki ce masa na yafe."

Na tsaya riƙe da murfin kwanon. Alkawarin da na yi yana nan a bakina, na ji shi. Na dubi wurin da ya matsa ya bari, daidai zaman mutum ɗaya.

Na ce, "To, Malam. Yana zuwa."

Ya gyara zama, ya ɗora hannu a gwiwa. Na koma bayan ƙofa inda na tsaya waccan shekarar. Har tuwon ya huce bai sa hannu ba, yana kallon hanya.